Akwatin Ƙarfen Baba da But ɗin Auta: Abin da Tashar Jirgin Kano Ta Shigo da Shi Gidajenmu



Ranar Asabar ɗin da ta wuce Umma ta aike ni kasuwar Sabon Gari da jerin kayan komawa makaranta na ƙannena uku: littattafan rubutu, safa, kambas, da jaka ɗaya don maye wadda zif ɗinta ya mutu. Autanmu ya maƙale sai ya raka ni. Muna zuwa layin masu takalma ya ja ya tsaya gaban wani but na ƙwallo, ya ce, "Yaya, don Allah, ko na gwanjo ne." Kuɗin hannuna a ƙirge suke, don haka muka dawo babu. Da maganar ta kai kunnen Baba da daddare, abin da ya ce kawai shi ne, "Ƙwallo ce za ta rubuta masa jarrabawa?"

Abin ya ba ni dariya, ya kuma tsaya mini a rai, domin na san abin da ke cikin akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadon Baba. Akwati ne baƙi, an rubuta sunansa da farin fenti, shi ne wanda ya yi makarantar kwana da shi a ƙarshen shekarun 1970. A ciki akwai wani hoto mara kala na samari goma sha ɗaya da gajeren wando, Baba na tsugune a gaba, hannunsa a kan tamaula. Akwatin nan da tamaular nan ta ƙofa ɗaya suka shigo gidajen Kano, wato tashar jirgin ƙasa da ke maƙwabtaka da Fagge da Sabon Gari. Tarihin da nake so mu waiwaya ke nan.

Tura yaro nesa neman ilimi ba Bature ne ya koya wa Bahaushe ba. Tun da can, in an gama girbi, malam kan ɗebi almajiransa su nufi gabas ko wani gari, su dawo gab da faɗuwar damina don a shiga gona. Wasannin yara da samari ma haka suke bin shekara: langa a farin wata, kokawa da dambe da kaka lokacin da rumbu ya cika. Ruwan sama ne ke yanke ranar tafiya da ranar dawowa, kuma kowa a gida ya san lissafin.

A shekarar 1911 layin dogo ya iso Kano daga Baro, aka buɗe shi ga jama'a a 1912. Ba a shigar da shi cikin ganuwa ba, a waje aka ajiye tashar, kusa da Fagge, wadda dama zango ce ta fatake da ayarin raƙuma daga Agadas da sauran ƙasashen Arewa. Wajen 1913 aka yanka Sabon Gari don ma'aikatan da jirgin ya jawo: akawuna, direbobi, makanikai da 'yan kasuwa daga kudancin Najeriya, har da mutanen Saliyo da ƙasar da yanzu ake kira Gana. Turawa auduga suka sa rai jirgin zai riƙa kwasa, sai manoman Kano suka zaɓi gyaɗa, har aka kai ga dalar gyaɗar da ake ba mu labari. Wannan ɓangaren kowa ya haddace shi. Wanda ba a cika faɗa ba shi ne abin da jirgin ya yi wa lissafin lokaci a cikin gida.

Makarantar boko ta riga jirgi zuwa da kaɗan, don Ɗan Hausa ya buɗe tasa a Nasarawa a 1909. A 1927 aka sami Midil ta Kano, wadda ta zama Kwalejin Rumfa. Mishan kuwa, da yake ba a ba su damar aiki a cikin birni ba, a Sabon Gari suka kafa makarantunsu, su ma Musulmin Yarbawa suka kafa nasu. Amma babbar makarantar da duk mai ƙwazo a Arewa ke hari ita ce Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921. Katsina ba ta kan layin dogo. Da aka mayar da kwalejin Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, sai ta dawo kan hanyar jirgi, kuma ita ce aka raɗa wa suna Barewa a 1971. Malam Aminu Kano a Kaduna ya yi ta, ya kammala a 1942. Janar Murtala Muhammad a Zariya ya yi tasa a shekarun 1950. Ga yaron Kano na wancan zamani, hanyar Zariya da Kaduna mafi sauƙi ta tasha take farawa.

Daga nan gida ya koyi sabuwar kalanda, wato zango uku a shekara, da ranar komawa wadda ba ruwanta da ko an yi shuka ko ba a yi ba. Jirgi kuma ba jaki ba ne da za a ce ya ɗan dakata a gama sallama. Baba ya ce mako guda kafin komawa gidansu yake rikicewa. Kakarmu, Allah ya jiƙanta, ta daka yaji, ta soya ƙuli-ƙuli, ta yi dambun nama in da hali, a auno garin kwaki da sukari, a sayo sabulu da bulo da tocila. Goggonni su zo da 'yan sulallansu a ƙulle a bakin zane. Kakanmu ba ya cewa komai sai daren tafiya, ya kira shi zaure ya yi masa faɗan salla da abokai. Gwamnati ce ke ba su takardar waranti a madadin kuɗin jirgi, abin da ya sa ɗan mai dako da ɗan attajiri suke iya zama a tarago ɗaya. Ranar tafiya, ƙannensa ne ke ɗaukar akwatin daga Fagge har tasha, ana faɗa a kan wa zai ɗauka. Mata ba sa rakiya, a soro ake sallama da su. Ya ce bai taɓa ganin mahaifiyarsa ta yi kuka ba, kun san kunyar ɗan fari, sai daga baya ƙanwarsa ta gaya masa cewa ranar ba a ɗora tukunya da wuri.

To, ina ƙwallo ta shigo?

A makarantun nan wasa darasi ne, ba ganin dama ba. Bayan la'asar kowa sai ya fita fili, an raba ɗalibai gida-gida, ana gasar guje-guje da tsalle-tsalle da ƙwallon ƙafa da hoki. Turawan da suka tsara haka suna da manufarsu, so suke su horar da ma'aikata masu jin magana da bin doka, wannan ba a ɓoye yake ba. Amma abin ya kama. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, a Kwalejin Katsina ya ƙware a wasan fayif, wanda ake buga ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, bai kuma daina ba har yana Firimiya. Wasan da a Ingila ma sai 'yan makarantun masu hali ke yi, ga shi har yau ana buga shi a Katsina da Sakkwato da Zariya. Duk wanda ya ce manyanmu na da karatu kawai suka yi, bai duba hotunansu ba.

A waje da makaranta kuma, ma'aikatan Reluwe na cikin waɗanda suka yaɗa ƙwallo a ƙasar nan. Duk inda aka yi babbar tasha, za ka sami gidajen ma'aikata da kulob da fili. Da aka fara gasar Kofin Gwamna a 1945, ƙungiyar Reluwe ta Legas ce ta addabi kowa, ta ɗauka a 1946 da 1948 da 1949. A cikinta fitaccen ɗan wasan nan Teslim Balogun ya yi suna, yana kuma cikin tawagar Najeriya da ta je Ingila a 1949, wadda yawancin 'yan wasanta ba takalmi suka buga. (Na gaya wa auta wannan don ya haƙura da but, ya ce shi ba a 1949 yake ba.)

Shekarar da ta fi ɗaukar hankalina ita ce 1953. A watan Mayunta aka yi rikicin Kano, bayan taƙaddamar neman mulkin kai a majalisar Legas, aka kwana huɗu ana ɗauki ba daɗi, kuma tsakanin Fagge da Sabon Gari abin ya fi muni. Alƙaluman hukuma sun ce mutum 36 suka mutu. A wannan shekarar dai ƙungiyar Kano ta ci Kofin Gwamna, karo na farko da kofin ya bar Legas. Ba ina cewa ƙwallo ta warkar da wani abu ba ne. Shekara goma sha uku bayan haka, a 1966, tashar nan ta ga abin da ya fi wannan tashin hankali, lokacin da iyalan Ibo suka cika ta suna neman jirgin gudu, wasu ba su tsira ba, yaran da suka bar ajujuwansu a Sabon Gari da yawa ba su dawo ba. Abin lura dai shi ne, filin ƙwallon Sabon Gari na cikin 'yan wuraren da ɗan birni da ɗan Fagge da ɗan Sabon Gari suka ci gaba da haɗuwa kafaɗa da kafaɗa, suna ihu kan abu ɗaya.

A zamanin Baba, ƙungiyar da ke tashe ita ce Raccah Rovers, wadda ta ci gasar lig ta ƙasa a 1978. Sunanta ma daga harkar gyaɗa ya fito, don Raccah wani babban ɗan kasuwar gyaɗa ne da ya zo Kano daga Tarabulus. Ka ga jirgi ya kawo gyaɗa kasuwa, gyaɗa ta kawo kuɗi, kuɗi ya riƙe ƙungiya. Bayan ta rushe ne aka kafa Kano Pillars a 1990, wadda ta ci lig a 2008, sannan sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. A nan Ahmed Musa ya haska kafin ya tafi Turai. Filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya karɓi wasannin gasar matasa ta duniya a 1999 da ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Ga kuma Kofin Ramat na yara, wanda ake yi a Kano duk watan Fabrairu don tunawa da Murtala. Garin da ke da wannan tarihi bai kamata a ce ƙwallon yara baƙuwa ce a cikinsa ba.

Amma abubuwa biyu sun lalace kusan lokaci guda. Jirgi ya fara ja da baya tun shekarun 1980, har zirga-zirgar fasinja ta koma sai an ga dama. An dawo da jirgin Legas zuwa Kano a Disambar 2012, tafiyar fiye da kilomita dubu ɗaya da ke cin kwana da yini, amma bai koma yadda yake da ba. Ɗalibai suka koma tashar mota. Makarantu kuma suka cika suka batse tun bayan shirin ilimin firamare kyauta na 1976, aka riƙa cin fili ana gina ajujuwa, daga baya a wasu wuraren shaguna suka ci katanga. Iyayen da suka gaji da aji mai yara fiye da ɗari suka koma makarantun kuɗi, waɗanda da yawansu gidajen haya ne aka yi wa fenti. Makarantar da autanmu yake, tsakar gidanta ba ta kai ta gidanmu ba. Sau ɗaya a shekara suke aron fili su yi intahaus, a karɓi kuɗin riga, a raba kofin roba, shi ke nan sai baɗi.

Yaro kuwa ba zai fasa gudu ba don an hana shi fili. Sai ƙwallo ta fita daga makaranta ta koma lungu da kango da gefen layin dogo, inda babu malamin wasanni, babu ƙararrawar tashi, babu mai tambayar ko ka yi aikin gida. A nan ne ta zama kishiyar karatu. A ganina tsoron Baba ba na tamaula ba ne. Shi da ya buga, malami na tsaye da usur, ƙarfe shida a tashi, a yi wanka, a yi magariba, a shiga ajin dare. Abin da yake gani yanzu shi ne yaran unguwa da suka bar aji suna jiran wani eja ya kai su Turai, wasu an karɓe wa iyayensu kuɗin gado an bar su a wata ƙasa ba ƙungiya ba kuɗin dawowa. Yana da gaskiyarsa. Inda na saba da shi shi ne, hana but ba zai mayar da auta kan littafi ba, zai dai buga da silifas a inda ba ma gani. Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, ana ta maganar kujeru da rufi da malamai, duk sun cancanta. Ni dai ban ji ana yawan tambayar ina filin ba, kuma mu iyaye da yayye in mun je duba makaranta, kuɗin zango muke tambaya da sakamakon jarrabawa, ba ma leƙa bayan aji.

Jiya da yamma na bi ta tasha a hanyata ta dawowa. Ginin na nan, ga tsofaffin taragai sun yi tsatsa a gefe, ga yara sun kafa duwatsu biyu a matsayin raga suna bugawa a ƙura, wasu da wandon makaranta. An fara aikin sabon layin Kano zuwa Maraɗi da na Kano zuwa Kaduna tun 2021, ko yaran nan za su hau shi zuwa makaranta, Allah masani.

Da na isa gida na roƙi Baba ya buɗe akwatin. Ya ɗan yi gardama, sannan ya jawo shi. Ya ɗauki hoton ya fara nuna wa auta mutanen ciki ɗaya bayan ɗaya: wannan gola ne, ɗan Ilori, ya zama likita, wannan ɗan Gboko ne, ya rasu, wannan shi ya fi kowa gudu amma lissafi ya kayar da shi. Auta ya ce, "Baba, kai lamba nawa kake bugawa?" Ya ce bakwai. Ya mayar da hoton ya rufe akwati, ya ce a bari ya ga sakamakon zangon farko tukuna. Ni kuma na riga na ba mai gwanjon kafin alƙalami, ya ce zai ajiye mini but ɗin zuwa ƙarshen wata.