Zirin Auzu: Yadda Chadi da Libiya Suka Gwabza a Kan Iyaka

A can ƙarshen arewacin Chadi, inda duwatsun Tibesti ke gangarawa su haɗu da hamadar Libiya, akwai wani zirin ƙasa da faɗinsa ya kai kilomita 100, ya bi tsawon iyakar ƙasashen biyu. Girmansa wajen murabba'in kilomita 114,000 ne. Ya ci sunan wani ɗan ƙaramin gari mai ruwa da dabino, wato Auzu. Mazaunansa Tubawa ne, makiyaya raƙuma, ba su da yawa. A kan wannan wuri Chadi da Libiya suka kwashe shekara 21 suna ja-in-ja, aka yi asarar dubban rayuka.

Turawa ne suka ƙulla rigimar tun kafin a haifi ƙasashen biyu. A watan Janairun 1935, ministan harkokin wajen Faransa, Pierre Laval, ya je birnin Rum ya sa hannu a wata yarjejeniya da shugaban Italiya Musolini, inda Faransa ta yarda ta sallama wa Italiya zirin, domin a lokacin Libiya tana hannun Italiya, Chadi kuma tana hannun Faransa. Faransa na neman Italiya ta tsaya a gefenta ne saboda tsoron Hitila. Sai dai ba a taɓa musayar takardun tabbatarwa ba, kuma a 1938 Italiya da kanta ta yi watsi da yarjejeniyar. A watan Agustan 1955, Libiya mai cin gashin kanta a ƙarƙashin Sarki Idris ta ƙulla yarjejeniyar abota da maƙwabtaka da Faransa. A cikinta aka lissafa tsofaffin takardun da suka shata iyaka, ba a sa ta 1935 ba. Duk shari'ar da za a yi daga baya a kan waɗannan takardu biyu ta rataya.

Libiya tana da wata hujja da ba ta takarda ba, kuma bai kamata a raina ta ba. Ɗariƙar Sanusiyya, wadda gidan sarautar Libiya ya fito daga cikinta, ta kafa zawiyoyi a Borku da Tibesti, har ta mayar da cibiyarta garin Guro a 1899. Ayarin fatake ya daɗe yana bin hanyar Bingazi zuwa Kufra zuwa Wadai. Da bindiga Faransa ta karya wannan alaƙa, ta ci zawiyar Ain Galaka a 1913. Mutanen Libiya ba su manta ba.

Abin da ya buɗe wa Gaddafi na Libiya ƙofa kuwa daga cikin Chadi ya fito. Chadi ta sami 'yanci a 1960 a hannun François Tombalbaye, mutumin kudu, amma sojan Faransa suka ci gaba da riƙe yankin arewa har 1965. Da suka tafi, jami'an da aka turo suka matsa wa jama'a da haraji da wulaƙanci. A 1966 aka kafa ƙungiyar tawaye ta FROLINAT a garin Niyala na Sudan. Gaddafi ya hau mulki a 1969, ya soma ba 'yan tawayen makamai, a 1973 kuma sojojinsa suka shiga Auzu ba tare da wata turjiya ba. Suka gina sansani, suka raba wa mazauna takardun zama 'yan Libiya. Ana ta raɗe-raɗin akwai yuraniyom a ƙarƙashin ƙasar, abin da ya ƙara wa wurin daraja a idon Turabulus.

A nan jagororin 'yan tawayen Tubawa biyu suka raba gari. Gukuni Wadai, ɗan Darde, sarkin gargajiya na Tibesti, yana ganin a karɓi taimakon Libiya a kayar da gwamnatin Injamena tukuna, maganar Auzu ta jira. Hissène Habré ya ce wanda ya cinye maka gona ba abokin tafiya ba ne. Suka ɓata a 1976. Ni a ganina tarihin yaƙin gaba ɗaya yana cikin wannan ɓaraka: muddin Libiya tana da 'yan Chadi masu yi mata jagora a hamada tana cin nasara, kuma ta ci gaba da ci har ranar da ta rasa su.

Da goyon bayan Libiya mayaƙan Gukuni suka kama garin Faya da ke arewacin Chadi a Fabrairun 1978. Najeriya ta shiga tsakani, aka yi zaman sulhu a Kano a watan Maris na 1979, aka sake yi a Legas a watan Agusta, aka kafa gwamnatin riƙon ƙwarya, Gukuni shugaba, Habré ministan tsaro. Ba ta yi ƙarko ba. A 1980 suka yi wata tara suna faɗa a titunan Injamena, jama'a suka tsallake kogi zuwa Kusseri a Kamaru. A watan Disamba tankokin Libiya, da suka keto hamada, suka kori Habré. A Janairun 1981 aka ba da sanarwar haɗe ƙasashen biyu, abin da ya tayar da hankalin maƙwabta. Gukuni ya nemi sojan Libiya su fita, suka fita kafin ƙarshen shekara, rundunar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta sojan Najeriya da Senegal da Zayar ta maye gurbinsu. Rundunar ba ta tare Habré ba. Ya dawo daga iyakar Sudan ya kama Injamena ranar 7 ga Yunin 1982.

Gukuni ya koma wurin Gaddafi. A 1983 jiragen Libiya suka yi wa Faya ruwan bama-bamai har ta faɗi, Faransa ta turo sojoji ta shata layi a tsakiyar ƙasar ta ce kada a ƙetare. Chadi ta rabu biyu. A 1984 shugaban Faransa Mitterrand da Gaddafi suka yi alkawarin kowa ya janye. Faransa ta cika, Libiya ta zauna, ta ma gina babban filin jiragen yaƙi a Wadi Dum. Jiragen Faransa suka kai wa filin hari a Fabrairun 1986.

A wannan shekara ne al'amari ya juya. Tubawa sun gaji da zama kamar baƙi a ƙasarsu. Gukuni ya ɓata da Gaddafi, aka harbe shi aka ji masa rauni a Turabulus a watan Oktoba, mayaƙansa na Tibesti suka juya bindigoginsu kan sojan Libiya suka haɗa kai da Habré. Rundunar Libiya ta wayi gari da tankoki da jirage da manyan bindigogi, amma babu mai nuna mata rijiya, babu mai leƙo mata hanya. Sojojin suka takure a cikin sansanoni da aka kewaye da nakiyoyi, da yawansu yaran da aka ɗauko dole ne, ba su san dalilin zuwansu ba.

Makamin Chadi kuwa motar a-kori-kura ce. Faransa ta ba su motocin Toyota kusan 400, da makamai masu linzami samfurin MILAN masu fasa tanka, Amurka ma ta taimaka. Dabarar tasu ta mahaya raƙumi ce ta kaka da kakanni, aka ɗora ta a kan taya huɗu: a taso da gudu daga inda ba a zata ba, a kutsa tsakiyar abokan gaba daga ɓangarori biyu, a harba a wuce kafin bakin tanka ya juyo. Jirgin sama ba ya iya jefa bam idan nasa da na abokan gaba sun cakuɗe. Ranar 2 ga Janairun 1987, babban kwamandan sojan Chadi Hassan Djamous ya afka wa sansanin Libiya da ke Fada. Bisa ƙididdigar gwamnatin Chadi, Libiya ta rasa sojoji kusan 800 da tankoki sama da 90, Chadi ta rasa mutum 18. Ko an rage wani abu daga wannan lissafi, kayan yaƙin da aka bari a filin sun ishe shaida.

A watan Maris Libiya ta fito da runduna biyu daga Wadi Dum don ƙwato Fada. Aka yi musu kwanton ɓauna a Bir Kora, aka tarwatsa su, waɗanda suka tsira suka gudu, mayaƙan Djamous na biye da su har cikin sansanin. Wadi Dum ya faɗi ranar 22 ga Maris. Cikin fursunonin akwai Kanar Khalifa Haftar, wanda yau yake riƙe da gabashin Libiya. Bayan 'yan kwanaki sojan Libiya suka bar Faya babu faɗa.

Saura Auzu. Faransa ta ƙi ba da kariyar jiragen sama, ta ce maganar zirin ta kotu ce. Habré ya ƙi ji. Sojojinsa suka kama garin ranar 8 ga Agusta, amma jiragen Libiya suka hana su sakat, kuma ranar 28 ga watan Libiya ta ƙwace shi, wannan karo da ƙananan motoci masu gudu, irin dabarar da aka ci ta da ita. Djamous ya rama ranar 5 ga Satumba: ya kutsa cikin ƙasar Libiya kanta ya ragargaza sansanin jirage na Maatan as-Sarra. Ranar 11 ga Satumba aka tsagaita wuta da sa bakin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka. Jami'an Amurka sun ƙiyasta Libiya ta rasa sojoji 7,500 a wannan shekara, Chadi wajen 1,000. Duk da wannan jini, zirin yana hannun Libiya.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne ƙarshen Djamous. A Afrilun 1989 aka zarge shi da shirya juyin mulki tare da wani babban hafsan soja, Idriss Déby. Déby ya tsere Sudan, shi kuwa aka kama shi, ya mutu a hannun gwamnatin da ya ceto. Déby ya dawo ya kori Habré a Disambar 1990, kuma filin jirgin saman Injamena yanzu sunan Djamous yake ɗauke da shi.

A Aljiyas, cikin Agustan 1989, ƙasashen biyu suka amince idan sulhu ya gagara su tafi Kotun Duniya da ke Hague. Suka tafi a 1990. Ranar 3 ga Fabrairun 1994 alƙalai 16 suka ba Chadi gaskiya, ɗaya ya saɓa, hujjarsu ita ce yarjejeniyar 1955. Gaddafi ya karɓi hukuncin. A gaban masu sa ido na Majalisar Ɗinkin Duniya, sojojin Libiya suka gama ficewa a ƙarshen watan Mayun 1994, aka ɗaga tutar Chadi a Auzu. Nakiyoyin da aka binne a kewayen Wadi Dum da Faya da hanyoyin Tibesti ba su fita tare da sojojin ba, kuma shekaru da dama bayan hukuncin ana ta haƙo su, suna kuma tashi da makiyaya da raƙumansu.