Tarihin Lanƙwasa da Datsawa: Daga Rufewar Manomin Dawanau Zuwa Allon Kwamfuta

Gabatarwa

Wannan lacca ta shafi wata tsohuwar matsala wadda ta daɗe tana ci wa magina da maƙera tuwo a ƙwarya, watau yadda za a tayar da abu mai lanƙwasa, sa'an nan a datsa shi inda ake bukatar baki ko mahaɗa, ba tare da ya yi rauni ba. Za a bi sawun matsalar daga karkarar Kano zuwa masana'antun Faransa, domin a ga darasin da ke ciki ga ɗalibi ko ma'aikacin da aka ɗora wa zaɓen manhajar zana siffofi masu tsawo da faɗi da kauri.

Rufewa da Bakan Gizo

Dawanau tana kan hanyar Kano zuwa Katsina, cikin Ƙaramar Hukumar Dawakin Tofa, kuma ta yi suna da kasuwar hatsi wadda aka kafa a 1985. Amma tun kafin buhu da sito, manomin wannan yanki, inda gona ke manne da gona, yana da ma'ajinsa, watau rumbun kara da rufewar ƙasa. Akan ɗora rufewa bisa duwatsu saboda laima da gara, a riƙa jera kwaɓaɓɓiyar ƙasa zobe bisa zobe, a bar kowane sahu ya sha iska kafin a ƙara wani. Cikinta yakan buɗe, sa'an nan ya tsuke zuwa sama. Lanƙwasar nan ita ce ke raba nauyin hatsi ko'ina a jikin bangon. To, amma dole a bar baki, kuma a nan ne tsaga ta fi farawa. Saboda haka magini yakan ƙara wa leɓen kauri, a kuma kifa masa jinka.

Haka al'amarin yake a manyan soraye. Azara, wadda ake tsagawa daga giginya, gajera ce, ba ta iya ƙetare faffaɗan ɗaki. Sai magina suka gano dabarar ɗaura ta gaɓa-gaɓa, kowace tana ɗan leƙowa gaban ta ƙasa, a lulluɓe da ƙasa har ƙafafu biyu su haɗu a sama su zama bakan gizo, a ɗora tuluwa a kai. Wannan fasaha ta kai maƙura a Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834 zuwa 1846). A nan ma, mahaɗar baka da baka, da inda indararo ya huda rufi, su ne wuraren da ruwa ke nema, su ne kuma ake yi wa dabe da laso ko makuba kafin damina. Ke nan gwanintar magini a wurin datsawa da haɗawa ake auna ta.

Yadda Lanƙwasa Ta Shiga Lissafi

A Turai, masu ƙera jiragen ruwa sun daɗe suna zana lanƙwasa da siririn katako mai laushi, wanda ake dannewa da dalma a wurare kaɗan har ya kwanta yadda ake so. Da kwamfuta ta bayyana, sai aka bukaci mayar da wannan katako lissafi. A 1959 Paul de Casteljau, ma'aikacin kamfanin motoci na Citroën, ya samo hanyar sarrafa layi mai lanƙwasa da ɗigo kaɗan, waɗanda in an ja su layin zai bi. Pierre Bézier na kamfanin Renault ya cim ma irin wannan a shekarun 1960, kuma da yake shi ya bayyana nasa a fili, sunansa ne ya bi hanyar. A 1975 Ken Versprille ya gabatar da kundin digirinsa na uku a Jami'ar Syracuse ta Amurka, wanda ya zama tushen tsarin da ake kira NURBS, mai iya fitar da da'ira cif, da kowace irin lanƙwasa.

Sai dai wannan tsari yana da iyaka. Kowace fuska a cikinsa kamar ƙyallen saƙi take, mai gefe huɗu, da zaren tsaye da na kwance. Idan aka ce a huda mata taga, kwamfuta ba ta yanke ta da gaske. Iyaka kawai take shatawa, ta ɓoye abin da ke bayan iyakar. Bugu da ƙari, layin da fuskoki biyu masu lanƙwasa suka haɗu a kansa, galibi ba ya lissaftuwa daidai, sai a kintata. Saboda haka akan sami 'yar kafa tsakaninsu wadda ido ba ya gani, sai ran da aka kai zanen wata manhaja, ko aka miƙa shi ga injin sassaƙa, sa'an nan ta bayyana. Ashe inda rufewa ke tsagewa, nan ma zanen kwamfuta ke yoyo.

Akwai kuma tsari na biyu, watau raga, inda ake rufe siffa da dubban ƙananan fuskoki masu kusurwa uku ko huɗu. Raga ba ta da santsin lissafi, amma tana bin kowane tudu da kwari, kuma ita ake samu idan an haɗa hotunan gini masu yawa, ko an auna shi da hasken leza.

Zaɓen Manhaja

Daga waɗannan tsare-tsare manhajoji suka fito. Kamfanin jiragen sama na Dassault ya fara CATIA a 1977, wadda da ita aka tsara gidan kayan fasaha na Guggenheim a Bilbao, da aka buɗe a 1997. AutoCAD ta fito a 1982, Rhinoceros mai aiki da NURBS a 1998, Blender kuwa, wadda ƙarfinta ke wajen raga, ta zama ta kowa kyauta a 2002, bayan masu sha'awarta sun yi karo-karon Yuro 100,000.

To, wacce za a ɗauka? Hausawa sun ce kowane allazi da nasa amanu. Wanda zai tsara sabon rumbun ƙarfe ko injin casa ga 'yan kasuwar Dawanau, inda kuskure kaɗan zai hana ƙarfe shiga ƙarfe, yana bukatar NURBS, kuma wajibi ne ya tsaida gwargwadon kafar da zai lamunta tun kafin ya fara datsawa. Wanda kuwa zai adana siffar tsohon soro, raga ce tasa, domin bangon da hannu ya shafe ba ya bin ƙa'idar da'ira, kuma duk wanda ya daidaita shi ya share sawun maginin. Abu na uku shi ne mallaka. Manhajoji da yawa haya ake biya musu duk shekara da kuɗin waje, kuma ma'aikatar da ta ajiye zanenta cikin sigar kamfani ɗaya ta ba da mabuɗin rumbunta aro. Don haka ya kamata a ajiye kwafe cikin siga ta gama-gari, irin su STEP.

Kammalawa

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. A shekarun 1970 an lulluɓe tsohon masallacin Zariya da sabon gini, kuma cikin abubuwan da suka adana kamanninsa na farko akwai awon da Zbigniew Dmochowski, masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, ya yi da igiyar awo da fensir, da kuma kwafinsa da aka gina a gidan tarihin Jos. Rufewar ƙauye kuwa ba ta da mai auna ta, ga shi buhu da kwano suna maye gurbinta. Kayan aiki sun samu, saura a san wanda ya dace da aikin. Allah Ya sa mu dace.