Zanen da doka ta taɓa hana yaran Sikotland ɗaurawa

A bukukuwan aure na Sikotland, ba abin mamaki ba ne a ga yaro ɗan shekara uku ko huɗu yana tafe gaban amarya sanye da kilt, wato zanen ulu mai tattara a baya wanda maza ke ɗaurawa daga ƙugu zuwa gwiwa. Da a ƙarshen shekarar 1747 aka yi wa yaron wannan ado, da an taka doka.

Bayan sojojin gwamnatin Birtaniya sun murƙushe magoya bayan gidan sarautar Stuart a yaƙin Culloden cikin Afrilun 1746, majalisa ta haramta tufafin mutanen tsaunukan arewacin ƙasar. Dokar ta ambaci babba da yaro namiji ƙarara. Wanda aka kama karon farko zai sha ɗaurin wata shida, a karo na biyu kuwa a kora shi ƙasashen mallaka na ƙetare har shekara bakwai. Sojojin sarki kaɗai aka keɓe, kuma wannan keɓewa ce ta raya kilt, domin a bariki ya ci gaba da rayuwa shekara 35. Ko da aka soke dokar a 1782, talakan da ya gaji zanen ya riga ya saba da wando, ga shi masu filaye sun fara tashin manoma daga ƙauyukansu don kiwon tumaki.

Masu hali ne suka ɗauko shi daga nan. A 1822 marubuci Walter Scott ya tsara ziyarar Sarki George na Huɗu zuwa Edinburgh, sarkin ya fito a cikin kilt, manyan gari suka ruga wurin masaƙa. A wannan zamani ne aka tsayar da cewa kowace zuriya tana da nata zanen layukan, abin da yawancinsa sabon shiri ne, ko da yake a yau ana riƙe da shi kamar gadon kaka da kakanni. Kilt ɗin yara kuwa Sarauniya Victoria ce ta fito da shi kasuwa: ta riƙa sanya wa 'ya'yanta maza, musamman a gidanta na Balmoral wanda mijinta Albert ya saya a 1852. Hotuna suka bazu, iyaye har a Ingila da Amurka suka kwaikwaya.

Telan da aka kawo wa aikin yaro yana fama da abin da wannan tarihi ya bar masa. Kilt ɗin babba yakan ci ulu yadi takwas, kuma da jikin babba aka auna faɗin layukan yawancin zanen. A ƙugun yaro, layi mai faɗi yakan cinye tattarar, don haka sai a nemi yadi marar nauyi mai ƙananan layuka. Na babba ba a yi masa kalmasa. Bakin saƙar ne ke zama ƙasansa. Na yaro kuwa galibi akan naɗe masa 'yan inci a ciki, a kuma kafa maɗaurin ta yadda za a iya matsar da shi, saboda a warware idan ya ƙara tsawo kafin bikin gaba.