Ɗan Masunci da Ruwa: Gado Ne Ko Koyo?

Idan ka taɓa zuwa Argungu lokacin bikin kamun kifi, ka ga wasan kabanci: samari na nutso suna daɗewa, wasu na kama kifi da hannu, wasu na bin agwagwar ruwa da iyo. Tambayi na kusa da kai yadda suka iya, zai ce maka, "Ai gado ne, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

Maganar tana da tushe a tarihi. Bayan masu jihadi sun ci Birnin Kebbi a 1805, Kabawa suka koma Argungu, aka yi shekaru ana gwabzawa da Sakkwato. Ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934 ita ce ta haifar da bikin da ake yi yau a Matan Fada, wanda UNESCO ta sa cikin al'adun duniya a 2016. Amma su ya daɗe kafin bikin, daga uba zuwa ɗa, da homa da gora. To, me yaron ya gada: jini, ko zama kusa da mai homa?

Francis Galton na Ingila ne ya fara bibiyar tagwaye a 1875 don raba halitta da reno, ya kuma karkata ga halitta. A 1929, Arnold Gesell da Helen Thompson a Amurka suka shigo da abu na uku, wato nunar jiki. Suka ɗauki tagwaye mata masu kama ɗaya. Aka fara koya wa ɗaya hawan matakala tana da mako 46, har mako 6. 'Yar'uwarta kuwa sai da ta kai mako 53 aka fara mata, cikin mako 2 ta kamo ta. Jijiyoyi da ƙwaƙwalwa na da lokacinsu. Idan bai yi ba, horo wahala ce kawai.

Ruwa ma an auna shi. A 2018 Melissa Ilardo ta gano cewa saifar Bajau, masu nutso na Indonesiya, ta fi ta maƙwabtansu Saluan girma da kusan kashi 50 cikin 100. Saifa tana matsewa lokacin nutso ta saki jini mai ɗauke da iskar oksijin. Har Bajau da ba sa nutso suna da babbar saifar. Wannan kam gado ne na jini.

Amma kar ka yi saurin yanke hukunci. A 2003 Anna Gislén ta nuna yaran Moken na Tailan suna gani a ƙarƙashin ruwa ninki biyu na yaran Turai, domin suna tsuke ƙwayar idonsu. Kowa zai ce halitta ce. Sai ta horar da yaran Suwidin sau 11 cikin wata guda, suka koyi dabarar, daga baya ganinsu ya kamo na Moken. Abin da ya yi kama da jini ashe sabo ne.

A ganinmu, mafi yawan abin da kake kallo a kabanci irin na Moken ne. Yaro yana bin ubansa bakin gulbi, yana wasa a inda ba zurfi, yana riƙe gora, yana kallon yayyensa, shekara da shekaru. Ranar biki kai sakamakon kawai ka gani.

Kuma kuskure a nan na iya cin rai. Mai cewa iyo gado ne yakan saki ɗan shekara 3 a bakin ruwa, wai ruwa ba ya cin ɗan masunci. Wanda ba masunci ba kuma ba ya tunanin koya wa nasa, alhali kwale-kwale suke shiga zuwa kasuwa da gona. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara 'yan shekara 1 zuwa 4 na cikin waɗanda ruwa ya fi ci. Shawararta ita ce a koya wa yara iyo daga shekara 6, na ƙasa da haka kuwa a sa musu ido, a rufe rijiya, a kange hanyar kududdufi.