Lissafin hazo da sauran sunayen da ake auna jami'a da su

A 1965 Lotfi Zadeh, haifaffen Baku da ya tashi a Tehran kuma yake koyarwa a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya fito da wani sabon lissafi, ya raɗa masa suna "fuzzy". A Turanci wannan ba kalmar yabo ba ce. Da ita ake siffanta hoton da bai fito sarai ba, da tunanin da bai nuna ba. Masana da yawa a Amurka sun yi wa aikin kallon hadarin kaji, sunan kuwa ya ƙara musu hujja. Wa zai amince da lissafin da mai shi da bakinsa ya ce dishi-dishi ne?

Da aikin ya bazu, kowane harshe ya nema masa suna. Larabawa suka ce "al-manɗiƙ al-dababi", daga kalmarsu ta hazo. Turkawa suka ce "bulanık", irin yadda ake cewa ruwa ya gurɓace. Japanawa ba su wahalar da kansu ba, sautin kawai suka ara suka ce "faji", kuma su suka fi cin moriyarsa: a 1987 jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin Sendai ya fara tafiya da na'urar Hitachi mai wannan lissafi. Bahaushe, in ya bi sawun Larabawa, "lissafin hazo" zai ce.

Ni dai sunan bai kwanta mini ba, domin ya ɗora hazon inda ba ya nan. Abin da Zadeh ya kawo shi ne, ba dole abu ya zama ko yana cikin rukuni ko yana waje ba. Yana iya shiga da mataki, tsakanin 0 da 1. A tambayi ɗalibi yadda ya ga ɗakin karatun jami'arsu, sai ya ce "ba laifi". A ma'aunin da Rensis Likert ya fitar a 1932, mai matakai 5, za a rubuta masa 3 a wuce. Amma "ba laifi" ta mai kawaici tana iya zama kuka, ta mai rowar yabo kuwa tana iya zama jinjina. Saboda haka masu bin Zadeh sukan ba kalma ɗaya lambobi uku, a ce 3 da 5 da 7 cikin 10: mafi ƙarancin abin da take nufi, da wanda aka fi zato, da mafi yawa. Daga nan lissafi ne tsantsa, ba kame-kame. Hazon a bakin mai amsa yake. Shi ya sa na fi son "lissafin gwargwado", tunda gwargwadon shigar abu cikin rukuni ake aunawa.

Sai abin da ake aunawa ɗin, wanda sunansa ya fi tayar da ƙura. Da yawa daga masu auna jami'a da wannan lissafi da SERVQUAL suke farawa, taƙaitaccen suna mai nufin ingancin hidima, wanda Parasuraman da Zeithaml da Berry suka kammala a 1988. Tambayoyi 22 ne a fannoni 5: abin da ido ke gani na gini da kayan aiki, cika alkawari, saurin amsa kira, sa mutum ya natsu da ƙwarewar ma'aikaci, da kula da kowa bisa halinsa. Ana tambayar mutum abin da ya sa rai da shi, da abin da ya tarar, giɓin da ke tsakani shi ne sakamakon. To amma a ina aka gwada shi? A banki, da kamfanin katin bashi, da na tarho, da masu gyaran kayan lantarki. Wanda aka tambaya a can kwastoma ne. Da aka ɗauko ma'aunin aka kawo jami'a, sai ɗalibi ya gaji sunan.

A nan Hausa tana da abin cewa. "Hidima" daga Larabci ta zo, kuma a al'adar karatunmu ɗalibi ne ke yi wa malami ita. Yanzu an juya: malami ne mai hidima, ɗalibi ne mai ba shi maki. Ban ƙi ba in ana maganar ofishin rajista, da ruwa da wuta a ɗakin kwana, da fitar da sakamako kan lokaci. Waɗannan hidima ce, kuma ɗalibi ya fi kowa sanin inda ke masa ƙaiƙayi. Amma malamin da ya kayar da wanda bai yi karatu ba fa? Ya cika aikinsa, ga ma'aunin giɓi kuwa ya gaza, don ba a samu abin da aka sa rai ba. Cronin da Taylor sun cire tambayar sa rai a 1992, suka kira nasu SERVPERF. Firdaus Abdullah na Malesiya ya ƙera wa manyan makarantu nasu, HEdPERF, mai tambayoyi 41. Suna ya sauya, amma gamsuwar ɗalibi ce har yanzu ake kira inganci.

Hanyoyin jera jami'o'in kuma sunayensu tarin baƙaƙe ne masu tsorata mai karatu a banza. AHP ta Thomas Saaty tana gwada fannoni biyu-biyu, da maki 1 zuwa 9, don a san wanne ya fi nauyi. TOPSIS ta Hwang da Yoon, ta 1981, tana ƙaga jami'ar da ta fi kowa a komai da wadda ta gaza kowa a komai, sai a ga wacce ta fi kusa da ta farko kuma ta fi nesa da ta biyu. VIKOR daga harshen Sabiya take, kuma ita kaɗai cikinsu ta faɗi gaskiya a sunanta, don akwai kalmar sasantawa a ciki.

Matakin ƙarshe masu binciken suna kiransa da abin da za mu ce "kore hazo": a matse lambobin nan uku su koma ɗaya, don a iya cewa wannan jami'a ce ta ɗaya, waccan ta biyu. Sau da yawa tazarar da ke tsakanin biyun ba ta kai faɗin "ba laifi" guda ba. Kuma lambobin da aka ba kowace kalma tun farko, ba ɗalibin ne ya zaɓe su ba. Mai binciken ne, galibi daga jadawalin wata maƙala da aka rubuta don masu wani harshe daban.