Farin jinin Alain Juppé da zaɓen fidda gwani na 2016 a Faransa

Tun watan Agusta na 2014 Alain Juppé ya bayyana cewa zai nemi kujerar shugabancin Faransa. Daga nan har farkon Nuwamba na 2016, mafi yawan ƙuri'un jin ra'ayin jama'a, wato abin da muke kira sondaj a bakinmu, shi suke sakawa a gaba. Ƴan jarida sun riga sun fara lissafin wanda zai naɗa Firaminista. Ranar 20 ga Nuwamba aka yi zagayen farko na zaɓen fidda gwani na ɓangaren dama. François Fillon, wanda wata guda kafin nan ake ba shi kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari, ya tashi da 44.1. Juppé ya samu 28.6. Tsohon shugaba Nicolas Sarkozy ya zo na uku da 20.7, aka sallame shi tun a daren.

Wani zai ce ina ruwanmu da rigimar Turawa. To, mutanen nan uku ba baƙi ba ne a tarihinmu. A Janairun 1994, da aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma 100, dukansu ministoci ne a gwamnatin Édouard Balladur: Juppé yana riƙe da harkokin waje, Sarkozy kasafin kuɗi, Fillon ilimi mai zurfi. Ku tambayi iyayenmu yadda farashin magani da littattafai ya yi a shekarar. A 2011 kuma, da jiragen Faransa suka fara ruwan wuta a Libiya, Sarkozy ne shugaba, Fillon Firaminista, Juppé ya sake komawa harkokin waje. Abin da ya biyo bayan faɗuwar Gaddafi, ƴan ci-raninmu da suka dawo hannu rabbana da makaman da suka bazu cikin Sahel, ba sai na tuna wa kowa ba.

Zaɓen fidda gwani ba tsohuwar al'ada ba ce a Faransa, daga Amurka aka kwaikwayo shi. Ƴan jam'iyyar gurguzu ne suka fara. A 2006 membobinsu suka zaɓi Ségolène Royal da sama da kashi 60, kuma babbar hujjar magoya bayanta ita ce sondaj na nuna ita ce za ta iya kayar da Sarkozy. Ba ta kayar da shi ba. A 2011 suka buɗe ƙofa ga kowane ɗan ƙasa, mutum kusan miliyan 3 suka fito. Wanda ke gaba a ƙuri'un jin ra'ayi a lokacin, Dominique Strauss-Kahn, ƴan sandan Amurka sun kama shi a watan Mayu tun bai bayyana takara ba, sai dama ta faɗo wa François Hollande, wanda a da ake yi wa ba'a da sunan mai kashi uku. Da Hollande ya ci shugabanci a 2012, ƴan ɓangaren dama suka ce su ma haka za su yi. Sharaɗinsu mai sauƙi ne: duk wanda sunansa ke cikin rijistar zaɓe zai iya zuwa, ya sa hannu a takarda cewa ya yarda da aƙidun dama da tsakiya, ya biya yuro 2, wato jika guda da dala sittin da ƴan kai a kuɗinmu. Ba a tambayar katin jam'iyya. Kuma tunda Hollande ya yi baƙin jini ƙwarai a ƙarshen mulkinsa, kowa ya ɗauka cewa wanda ya ci wannan zaɓe shi ne shugaban gobe.

Abin da ya fi jan hankalina a labarin Juppé shi ne yadda ya samo farin jinin nasa. Yana Firaminista, a Nuwamba da Disamban 1995, ma'aikata suka tsayar da ƙasar cak saboda shirinsa na taɓa fansho da inshorar lafiya. Makonni uku jiragen ƙasa ba su motsa ba. Ana kallonsa a matsayin mai girman kai, mai ilimi amma marar jin magana. A 2004 kotu ta same shi da laifi a shari'ar ma'aikatan bogi na ma'aikatar magajin garin Paris, aka yi masa ɗaurin talala, aka hana shi riƙe muƙamin zaɓe na shekara guda. Ya tafi Kanada yana koyarwa. Ya dawo ya ci gaba da zama magajin garin Bordo, ya gyara birnin, furfura ta fito, murya ta yi sanyi. Shekara ashirin bayan yajin aikin, mutumin da aka ƙi jinin gani ya zama dattijon da Faransawa suka fi ambato da alheri. Da yawa sun ɗauka laifin ubangidansa Jacques Chirac ya ɗauka a kansa bai buɗe baki ba, wannan ma ya ƙara masa kwarjini.

Sai dai a nan akwai tambayoyi biyu da ake haɗawa, alhali ba ɗaya suke ba. Ta farko: kana yi wa wane kallon mutumin kirki? Ta biyu: ranar Lahadi, cikin sanyin Nuwamba, za ka fita ka bi layi ka biya kuɗinka don ka zaɓe shi? Tambaya ta farko kowa ake yi wa, har da ɗan gurguzu da wanda bai taɓa zaɓen ɓangaren dama ba. Irin waɗannan suna son Juppé don ba ya tsorata su. Ba ya zagin baƙi, yana maganar zaman lafiya tsakanin Faransawa masu asali daban-daban, ya kuma yi alkawarin wa'adi ɗaya kawai zai yi tunda ya kai shekara 71. Amma wanda ya yaba ragonka a kara ba lallai shi ne mai saye ba.

Bari in ɗan tsaya kan yadda ake yin sondaj ɗin kansa, don a nan rabin matsalar take. Mai sayen wake a kasuwa ba ya zazzage buhu, hannu yake cusawa ya ɗebo ya duba. In buhun a gauraye yake, abin da ke tafin hannunsa ya isa shaida. Haka kamfanoni irin su Ifop, wanda Jean Stoetzel ya kafa a 1938, da Ipsos suke yi: su tambayi mutum kamar 1,000, su tabbatar adadin maza da mata, matasa da tsofaffi, manoma da ma'aikata, ya yi daidai da na ƙasar. Da mutum 1,000, kuskuren lissafi yana kai wa kamar kashi 3 sama ko ƙasa. Bayan haka sukan tambayi kowa wa ya zaɓa a zaɓen da ya wuce, su gwada da sakamakon gaskiya, su daidaita alƙalumansu.

To a 2016 ba wanda ya san girman buhun, balle abin da ke ciki. Ɓangaren dama bai taɓa yin irin wannan zaɓe ba, don haka babu na baya da za a gwada da shi. Mutum miliyan 2 za su fito ko miliyan 4? In kaɗan ne, ƴan gani-kashe-nin jam'iyya ke nan, Sarkozy ya ji daɗi. In da yawa ne, an ce Juppé ne zai amfana. A ƙarshe sama da miliyan 4 suka fito, wajen mutum ɗaya cikin goma na masu rijista. Ku yi lissafin da kanku: in ka tambayi mutum 1,000, ɗari ne kawai masu zuwa, kuma da mutum ɗari kuskure na iya kai kashi 10. Shi ya sa manyan kamfanoni suka riƙa tambayar dubbai masu yawa, su ce kowa ya auna niyyarsa ta fita daga sifiri zuwa goma, su riƙe waɗanda suka ce goma. Amma faɗin goma a waya ko a intanet ba ya cin ko dala.

Sauran rabin matsalar kuwa Sarkozy ne. Ya dawo siyasa a 2014, ya karɓe jam'iyyar, ya canza mata suna zuwa Les Républicains a 2015, yana da magoya baya masu zafi. Sauran jama'a da yawa ba su son sake ganinsa a fadar Elize ko kaɗan. Kwana biyar kafin zaɓe ma, wani ɗan kasuwa mai suna Ziad Takieddine ya fito ya ce shi da kansa ya kai wa ɓangaren Sarkozy akwatunan kuɗi daga gwamnatin Gaddafi, zargin da Sarkozy ya musanta. A ganina, kaso mai tsoka na kashi 40 ɗin da ake ba Juppé na masu neman tsare wa Sarkozy hanya ne. Sun duba sondaj, sun ga Juppé ne kawai zai iya, suka ce Juppé. Sondaj na gaba ya ƙirga su, ya sake nuna Juppé a gaba. Haka abin ya riƙa ciyar da kansa har shekara biyu. Kayan aro ne, kuma masu shi suna nan suna kallo.

Shi kuwa Fillon ba wanda ya damu da shi. Shekara biyar ya yi yana Firaministan Sarkozy, wanda ya taɓa kiransa da mai taimaka masa kawai. A wasu ƙuri'un ma na huɗu yake zuwa, bayan Bruno Le Maire. Amma ya daɗe yana zagaya garuruwa yana ganawa da likitoci da manoma da masu ƙananan kamfanoni, ya fito da tsari mai tsauri: rage ma'aikatan gwamnati 500,000, soke dokar aikin awa 35 a mako, kai shekarun ritaya 65. Ya samu goyon bayan Katolika masu riƙon addini, waɗanda suka yi zanga-zangar ƙin dokar auren jinsi ta 2013 kuma suna da tsarin tattara jama'a. A watan Satumba ya fitar da littafi kan abin da ya kira kama-karyar masu kishin Islama. Waɗannan su ne abubuwan da tsofaffi da masu hali na ɓangaren dama ke son ji, kuma su ne ba sa fashin zaɓe.

An yi mahawara uku a telebijin, 13 ga Oktoba, 3 ga Nuwamba da 17 ga Nuwamba. Juppé ya yi irin na mai tsaron abin da ke hannunsa, bai ce komi sabo ba. Fillon ya yi magana a natse, masu kallo suka ga ai ga wani. Alƙalumansa suka fara hawa, kuma da suka hau sai hawan ya jawo wani hawan. Wanda a zuciyarsa Fillon yake so amma yana tsoron asarar ƙuri'arsa ya ga yanzu ba asara ba ce. Wanda ke wurin Juppé don ƙin Sarkozy ya samu wani wurin da ya fi dacewa da ra'ayinsa. Magoya bayan Le Maire suka watse, ya ƙare da kashi 2.4. Ranar Juma'a 18 ga wata, sondaj na ƙarshe na Ipsos ya ba Fillon 30, Juppé da Sarkozy 29 kowane. Kwana biyu bayan haka Fillon ya zarce wancan adadi da kashi 14.

An zagi masu sondaj sosai, musamman da yake kwana goma sha biyu ke nan da cin zaɓen Donald Trump a Amurka. Jaridar Le Parisien ma ta sanar a Janairun 2017 cewa ta daina sayen sondaj a lokacin yaƙin neman zaɓen. Ni dai ban yarda cewa ƙarya suka yi ba. Sun hango guguwar ta taso, saurinta ne ya wuce na'urarsu. A zaɓen gama-gari mutum yana da jam'iyyarsa, da wuya ya tsallaka daga dama zuwa hagu cikin mako guda. A zaɓen fidda gwani kuwa duk ƴan gida ɗaya ne, tashi daga Juppé zuwa Fillon kamar tashi ne daga wannan tabarma zuwa waccan a fada ɗaya. Laifin da nake gani ya fi girma na ƴan jarida ne da shi kansa Juppé, da suka ɗauki yabon da ba a gwada ba kamar ƙuri'ar da ta riga ta shiga akwati.

A mako na tsakanin zagaye biyu, Sarkozy ya ce Fillon zai zaɓa. Juppé ya yunƙura ya kai hari kan tsaurin tsarin abokin hamayyarsa, amma an makara. Ya kuma koka da sunan Ali Juppé da masu tsananin ra'ayi suka laƙaba masa a intanet saboda maganar gina masallaci a Bordo da kyakkyawar hulɗarsa da limamin garin. Abin da ya sa waɗanda ke waje suke sonsa, shi aka juya aka doke shi da shi a cikin gida. Ranar 27 ga Nuwamba Fillon ya samu kashi 66.5, Juppé 33.5.

Daga nan Fillon ne sondaj ya riƙa nunawa a matsayin shugaban gobe. Wata biyu abin ya yi. Ranar 25 ga Janairun 2017 jaridar Le Canard enchaîné ta buga cewa an daɗe ana biyan matarsa albashin mataimakiyar ɗan majalisa ba tare da alamar aiki ba. Shi ne kuwa ya tsaya a watan Agusta yana tambayar ko wa zai iya tunanin Janar de Gaulle a gaban mai bincike, yana yi wa Sarkozy habaici. A watan Maris shi ma mai bincike ya tuhume shi. A zagayen farko na 23 ga Afrilu ya zo na uku da kashi 20, bayan Emmanuel Macron, wanda bai shiga zaɓen fidda gwanin kowa ba, da Marine Le Pen. Benoît Hamon, da ya ci na ƴan gurguzu, bai kai kashi 7 ba.

A Disamban 2021 jam'iyyar Les Républicains ta rufe ƙofa, ta ce masu kati kawai za su zaɓa. Xavier Bertrand, wanda sondaj ke nuna ya fi sauran ƙarfi a ƙasa baki ɗaya, ya zo na huɗu cikin mutum biyar. Valérie Pécresse ta ci, sannan a Afrilun 2022 ta samu kashi 4.78, ƙasa da kashi 5 da doka ta gindaya kafin gwamnati ta mayar wa ɗan takara babban kason kuɗin kamfen. Washegari ta fito tana roƙon jama'a su taimaka mata ta biya bashi.