Imel ko wata hanya: Yadda ake aika manyan fayiloli

Ɗalibin da ya kammala kundin bincikensa a Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, ko ma'aikacin da zai tura rahoto mai hotuna daga Nguru zuwa Damaturu, kan gamu da cikas iri ɗaya: imel ya ƙi ɗaukar fayil saboda nauyinsa. Wani lokaci hakan kan sa wa'adin miƙa aiki ya wuce.

Tun asali an ƙirƙiri imel ne domin rubutu zalla. Sai a shekarar 1992 aka fito da tsarin MIME, wanda ya ba da damar maƙala hoto, sauti ko bidiyo. Tsarin yana juya fayil zuwa haruffa kafin ya tura shi, kuma wannan juyi yana ƙara masa nauyi da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Gmail da Yahoo Mail sun ƙayyade abin da za a maƙala a megabait 25. Fayil ɗin da ke dab da wannan iyaka ma yana iya dawowa, idan akwatin wanda aka aika wa yana da ƙa'ida mafi tsauri.

Hanya ta farko ta kauce wa matsalar ita ce ma'ajiyar intanet, irin su Google Drive, wadda ke bai wa kowane mai asusu gigabait 15 kyauta. Ana ɗora fayil a can, sannan a aika adireshinsa ta imel. Amma wajibi ne a taƙaita izinin buɗewa ga wanda aka nufa, domin in an bar shi a sake, duk wanda adireshin ya faɗa hannunsa zai iya gani. Wannan ya fi muhimmanci ga takardun asibiti da na ma'aikata, waɗanda Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta shafa.

Hanya ta biyu ita ce manhajojin hira. WhatsApp da Telegram suna ɗaukar fayil har gigabait 2. Sai dai WhatsApp yana rage ingancin hoto da bidiyo, in ba a matsayin takarda aka tura su ba.

Hanya ta uku ba ta buƙatar data. Idan mutanen biyu suna wuri ɗaya, filash, katin memori ko manhajar Xender sun wadatar. A garuruwa irin su Kumagannam, duk lokacin da sabis ya yi rauni, bai wa mai tafiya Gashuwa filash kan fi zaman jiran fayil ya hau. Sharaɗi shi ne a ajiye kwafi, a kuma binciki filash ɗin saboda bairos.

Duk da haka imel yana da fifikon da sauran ba su kai ba: yana adana sunan mai aikawa, rana da lokaci, abin da kan zama shaida idan aka yi jayayya. Saboda haka ƙaramar takardar aiki ta bi ta imel. Babban fayil kuwa a ɗora shi a ma'ajiya, imel ya kai adireshinsa.